Yadda ALGON ta kare zaɓaɓɓun shugabannin ƙananan hukumomi a gaban kotu

Ƙungiyar Ƙananan Hukumomin Nijeriya, ALGON, wadda aka kafa a 1999, ita ce ke magana da yawun ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan. Ɗaya daga cikin manyan nasarorinta a kotu ta same ta.

A watan Mayun 2019, da hawansa mulki, Gwamna Seyi Makinde na Jihar Oyo ya rushe zaɓaɓɓun shugabannin ƙananan hukumomin jihar. Reshen ALGON na Oyo ya bi kadin lamarin har Kotun Ƙoli, wadda a ranar 7 ga Mayu, 2021, ta yanke cewa rushewar ta saɓa wa sashe na 7 na Kundin Tsarin Mulki, ta kuma umarci a biya su albashinsu da alawus. Sai dai hukuncin ya zo ne wa'adinsu na shekara uku na gab da cika.

Daɗaɗɗiyar buƙatar ƙungiyar ta 'yancin kuɗi kuwa, ƙarar da Antoni Janar na Tarayya ya shigar ce ta biya ta. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta umarci a tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ban da waɗanda kantomomin riƙo ke shugabanta.