Robar Abinci Ga Yaro Mai Ciwon Saɓulewar Fata

'Yar'uwa mai juna biyu, akwai jariran da ake haihuwa da fata marar ƙwari, wadda ko ɗan goguwa kan sa ta yi bororo ta saɓule kamar ƙuna. Likitoci suna kiran ciwon EB. Ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukarsa. Gadonsa ake yi. A nau'in da ya fi tsanani, uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar ciwon ba tare da sun sani ba, kuma kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4. An fi samun haka a auren zumunci.

Me ya kawo maganar abinci?

Bororon yana fitowa har cikin baki da maƙogwaro. Idan ya warke sai ya bar tabo, hanyar abinci ta tsuke, haɗiya ta zama azaba. Ga shi kuma jiki mai gyambo ya fi na lafiyayye buƙatar abinci. Sai yaro ya rame, jini ya yi ƙasa, gyambo ya ƙi warkewa.

Yaya aikin yake?

Ana sa yaro barci, likitan tiyata ya yi ƙaramar kafa a cikinsa, ya sa roba har cikin tumbi. Ta nan za ki riƙa ba shi nono, madara, ruwa da magani. Yana iya ci gaba da cin abu mai laushi ta baki. Robar hanci kuwa ta ɗan lokaci ce, domin tana gogar hanci da maƙogwaro.

Robar ba ta warkar da ciwon, amma tana ba yaro ƙarfin girma. Kada a jira sai ya galabaita, domin aikin ya fi sauƙi ga yaro mai sauran ƙarfi.

Abubuwan kiyayewa:

1. Kada a liƙa masa filasta mai danƙo.
2. Ki ɗauke shi da hannu ɗaya a ƙeya, ɗaya a ƙarƙashin mazaunai, ba ta hammata ba.
3. Ban da gashi da ruwan zafi, ban da cire beli ko tsagar wanzami.
4. Ki shafa Vaseline a kan nono da leɓensa kafin shayarwa.
5. Idan robar ta fita, a kawo shi nan take, domin kafar tana fara rufewa cikin 'yan sa'o'i. Haka ma idan wurin ya yi ja, yana ruwa, ko ya yi zazzaɓi.

Idan an taɓa haihuwar irin wannan jariri a danginki ko na maigida, ki faɗa mana tun ranar awon farko. A nan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya akwai sashen jarirai, da likitocin fata, da na tiyatar yara. Ko daga nan Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni kike, ko daga nesa, ki zo tare da maigida, domin da shi za a yanke shawara.

Allah Ya sauke ki lafiya.