Hurumin Namun Daji a Hamadar Gobi: Nazari a Kan Sabubbansa da Sakamakonsa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa, in aka ambaci hamada, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne rairayi da ƙunar rana da ayarin Azbinawa mai ɗauke da gishirin Bilma. Amma cikin hikimar Ubangiji akwai wata irin hamada wadda sanyinta ya fi zafinta kisa, ita ce Gobi, wadda ta shimfiɗu tsakanin kudancin Mongoliya da arewacin ƙasar Sin, faɗinta ya zarce na Nijeriya baki ɗaya. Galibinta tsakuwa ce da duwatsu, ruwan saman da ke sauka a wasu sassanta bai kai milimita 100 a shekara ba, da hunturu kuwa sanyi kan kai digiri 40 ƙasa da sifiri. Duk da wannan tsanani, Allah Ya ajiye a cikinta halittun da samunsu ya yi wuya a sauran duniya: dokin daji da mutanen Mongoliya ke kira takhi, da jakin daji da suke kira kulan, da raƙumi mai tozo biyu wanda bai taɓa sanin akala ba, da damisar ƙanƙara, da wata beyar mai suna mazalai, wadda ragowarta duka 'yan gomomi ne.

Shekara hamsin ke nan hukumar Mongoliya tana ta keɓe yankunan wannan hamada tana mai da su hurumi. A 1975 aka kafa Babban Hurumin Gobi, kashi biyu, na farko ya haura murabba'in kilomita 40,000. A 1992, wajen taron duniya na birnin Riyo, ƙasar ta ɗauki alkawarin tsare kashi 30 cikin 100 na faɗinta. A 1993 aka keɓe gandun Gurbansaikhan. A 2016 aka ƙara duwatsun Tost. A 2019 kuma aka ninka kashi na biyu na Babban Hurumin. A yau kimanin kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar yana ƙarƙashin tsaro.

Sababi na farko na wannan keɓewa shi ne firgitar da asara ta jawo, domin ba a sanin darajar ido sai ya tsiyaye. Tun daga 1969 ba a sake ganin takhi a daji ba, bayan farauta da gasar mashaya da jerin hunturu masu tsanani sun ƙare shi, har ya zamana babu sauransa sai a gidajen ajiye namun daji na Turai da Amurka, inda dukan zuriyar ta fito daga dawaki goma sha 'yan kai. Ganin haka ya sa masana suka tabbata cewa raƙumin da beyar ma hanyar da za su bi ke nan, in ba a yi musu katanga da doka ba.

Sababi na biyu, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne yawaitar dabbobin gida. A zamanin gurguzu hukuma ce ke ƙayyade garke, ita ke gyara rijiyoyi, ita ke tanadin harawa. Da tsarin ya rushe a 1990 aka raba dabbobi ga jama'a, makiyaya kuwa ta zauna ta kowa da kowa, sai adadin da bai wuce miliyan 26 ba ya kai wajen miliyan 70 a 2019. Akuya ce ta ja gaba, sabili da wani lallausan gashi da ke ƙarƙashin gashinta, wanda ake kira kashmiya. Da bazara makiyayi kan kayar da akuya a gindin tantinsa, ya ɗaure ƙafafunta, ya bi jikinta da matajin ƙarfe yana tsefo gashin sannu a hankali, abin da zai samu a jikin guda ɗaya bai fi 'yan giram ɗari-ɗari ba. To, tun da da wannan gashi yake sayen gari da shayi, da shi yake biyan bashi da hidimar karatun 'ya'ya, ba shi da wata dabara sai ƙara yawan awaki, su kuwa awaki ba su barin ciyawa ta kai ga zubar da iri.

Sababi na uku arzikin da ke ƙarƙashin ƙasa ne. Akwai tagulla da zinariya a Oyu Tolgoi, akwai kwal a Taban Tolgoi, kuma kasuwar duka biyun tana ƙasar Sin, saboda haka titunan manyan motoci da layin dogo suka tsaga hamadar zuwa kan iyaka, masu haƙar zinariya ta ɓarauniyar hanya kuma suka bazu har cikin wuraren da aka hana. Sau da yawa keɓe wuri ya zama tsere ne tsakanin takardar hurumi da lasisin haƙa. Bayan waɗannan akwai tsohuwar al'adar mutanen ƙasar ta girmama duwatsu da idanun ruwa, domin tun 1778 aka haramta farauta da saran itace a dutsen Bogd Khan, kusa da babban birninsu, wanda hakan ya sa maganar hurumi ba ta zo musu a baƙuwa ba.

In muka juya ga sakamako, fa'idar da ba mai musunta ita ce komowar takhi. A 1992 aka fara ɗauko shi cikin akwatuna a jirgin sama daga Turai zuwa yankunan Hustai da Takhin Tal na Mongoliya, daga baya gidan namun daji na birnin Prag ya ci gaba da aikin, har dabbar da aka riga aka rubuta cikin waɗanda suka ƙare a daji ta koma tana haihuwa a ƙasar kakanninta, adadinta ya kai ɗaruruwa. Beyar mazalai ma, wadda ke rayuwa da tonon saiwoyi da albasar daji a kewayen 'yan idanun ruwa, da wuya ta kawo yau ba don masu gadin hurumi da ke ajiye mata abinci lokacin ƙunci ba. A sha'anin raƙumin kuwa akwai sunan wani Bature da ya san ƙasarmu, John Hare, wanda ya yi aikin Di'o a Nijeriya ta Arewa, daga bisani ya kafa gidauniyar kare wannan raƙumi a 1997, ya kuma taimaka aka keɓe masa wuri a Lop Nur ta ƙasar Sin, inda a da ake gwajin makaman nukiliya, inda kuma raƙuman ke shan ruwan gishirin da na gida ba su iya sha.

Amma hunturun 2009 zuwa 2010 ya bayyana iyakar wannan nasara. Mutanen Mongoliya suna da kalma, zud, ga shekarar da fari ya gabata, ƙanƙara kuma ta biyo ta rufe ɗan abin da ya rage na ciyawa; a wannan shekara miliyoyin dabbobin gida suka halaka, kuma kimanin kashi 60 cikin 100 na takhin da ke kashi na biyu na Babban Hurumin suka mutu, domin jikokin dawakin da aka haifa a cikin shinge ne, ba su san ko'ina ba sai 'yar makiyayar da suka saba. Jakunan kulan kuwa, da suka ga ƙanƙara ta yi yawa, sai suka nausa yamma inda ta yi sauƙi, suka tsira. Ga wanda ya yi tadabburi, asirin mas'alar duka yana cikin wannan ƙissa: dabbar hamada da tafiya take rayuwa, ciyawar bana tana inda babu ita bara, kulan guda kan kewaya dubun-dubatar murabba'in kilomita a shekara, galibi a wajen iyakar kowane hurumi.

Daga nan ake gane illar shinge. Layin dogon da ya ratsa Mongoliya daga Rasha zuwa Sin, wanda aka gama a shekarun 1950, an yi masa waya mai ƙaya dama da hagu don kare dabbobin gida, sai ya zama bango. Barewa kan sarƙe a jikinta ta mutu tana kallon ciyawa a ƙetare, kulan kuma ya ɓace ɗungum daga gabashin layin. Da aka cire wayar a 'yan wurare a 2019, ba a yi shekara ba na'urar ɗaukar hoto ta kama wani kulan yana tsallakawa, karo na farko cikin fiye da shekara sittin. 'Yan taku kaɗan na buɗaɗɗiyar hanya sun yi abin da faɗaɗa hurumi bai yi ba. Wanda ya ga yadda toshe burtali ke dagula al'amarin makiyaya a ƙasarmu ba ya bukatar dogon sharhi a nan.

Saura haƙƙin makiyayi, wanda shi ma zud ɗin nan ya cinye masa dukiya, kuma idon ruwan da aka ce ya bar wa kulan shi ne wanda kakansa ya shayar a kai. Hurumin da faɗinsa ya yi kwanaki ana tafiya, masu gadinsa kuwa 'yan ƙalilan ne a kan babura, ba zai tsaru ba sai da yardar maƙwabtansa. Hujja a kan haka ita ce Tost, inda wata tsohuwar malamar makaranta, Bayarjargal Agbantseren, ta haɗa kai da makiyayan wurin, waɗanda a da suke ganin damisar ƙanƙara abokiyar gaba ce, aka tsara musu inshorar dabbobi da kasuwar kayan saƙa, har suka tsaya tare aka soke lasisin haƙa 37 da ke kan duwatsun. Malamanmu na fiƙihu sun san asalin wannan a babin hima, domin Sayyadina Umar, Allah Ya yarda da shi, da ya keɓe makiyaya, ya umarci mai tsaronta da ya sassauta wa mai ɗan ƙaramin garke, ya tsananta wa masu dukiya.

Idan aka ɗora duka a mizani, maslahar hurumi ta rinjayi mafsadarsa, gama ya hana ƙarewar halittu uku ko huɗu, ya kuma taka wa masu haƙa birki a wuraren da ba su da madadi. Sai dai sabubban da suka haife shi suna nan daram a wajen iyakarsa: garke bai ragu yadda ƙasa za ta huta ba, ko da yake an kafa harajin dabbobi tun 2021, zafin ƙasar ya ƙaru da fiye da digiri 2 daga 1940 zuwa yau, zud ya sake aukuwa a hunturun 2023 zuwa 2024 ya kashe miliyoyin dabbobi, sabon layin dogon kwal kuma ya fara aiki a 2022. Saboda haka ko an cika alkawarin kashi 30 cikin 100, abin da zai yanke hukunci a kan makomar kulan da raƙumin Gobi shi ne ƙofofi nawa aka bari a jikin waya, da idanun ruwa nawa aka bar musu su sha da dare, da kuma ko makiyayi zai sami farashin da zai ishe shi da awaki ɗari maimakon ɗari uku.