Tsatsa a Injin da Aka Sake Ɗaurawa: Ina Gizo Ke Saƙa?

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, sannan darajar Naira ta zube har dala ɗaya ta haura Naira 1,500 a shekarar 2024, sayen injin tokumbo ya fi ƙarfin ma'aikacin da ke dogaro da albashi. Wanda a da in injinsa ya fara hayaƙi sai ya aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas a kawo masa wani, yanzu sai ya ce wa bakanike ya sauke wanda yake da shi, a canza zobba da fistin da gaskit, a sake ɗaurawa. Duk wanda ya bi garejin Tudun Wadan Zariya, daga wajen Ƙofar Doka har zuwa Kongo, zai ga bulon inji a ajiye a ƙasa, an tuɓe shi tsirara, yana jiran kayan gyara ko kuma yana jiran mai mota ya sami albashi.

Ƙorafin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne. Mota ta yi 'yan watanni lafiya, sai ta fara zafi, in an buɗe lagireto sai a ga ruwa ja kamar na kududdufi. Nan da nan mai mota ya yanke hukunci cewa an saka masa kayan jabu. Ba na musun cewa jabu ya cika kasuwa, amma a ganina sau da yawa ɓarnar ta tsatsa ce, kuma ta hanya biyu take shiga: ɗaya a hannun bakanike kafin a ɗaura injin, ɗaya a hannun mai motar kansa bayan an ɗaura.

Bulon tsofaffin motocinmu ƙarfen zubi ne. Haka injin Peugeot 504 yake, wadda kamfanin PAN ya fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, haka kuma na tsofaffin Corolla da yawa. Muddin injin yana aiki, baƙin mai ya lulluɓe cikinsa, iska ba ta kai ga ƙarfen. Ranar da aka wanke shi tas, an cire masa wannan rigar ke nan. Ƙarfe da ruwa da iska kuwa in suka haɗu ba sa jiran gobe. Cikin mintoci kaɗan za ka ga ramin silinda ya fara ja-ja. A lokacin hunturu, da iska ta bushe ƙamas, abin yakan zo da sauƙi, sai dai ƙura. Amma a watan Agusta, tsakiyar daminar Zariya, bulon da aka wanke aka bari a ƙarƙashin bishiya mako biyu, an rufe shi da buhu, ya riga ya kamu kafin a ɗaura masa fistin ko ɗaya.

Abin da masu aikin suka tabbatar shi ne, bayan an wasa ramin silinda, da ruwan zafi da sabulu da buroshi ake wanke shi, domin fetur ko kananzir ba sa fitar da ɓurɓushin dutsen wasawa da ke maƙalewa a jikin ƙarfe. A yi ta gogawa har farin ƙyalle ya fito ba datti, a busar da iskar kwamfuresa, sannan a shafe shi da mai nan take, ba bayan an dawo daga cin abinci ba. In tsatsar sama-sama ce, soso mai kaushi da ɗan mai ya isa. In kuwa ta riga ta yi ramuka har farce yana jin su, to sai an sake wasawa, ko a faɗaɗa ramin a sa fistin mai girma, domin sabbin zobba ba za su zauna a kan bango mai rami ba, kuma injin zai ci gaba da shan mai. Masu 504 suna da sauƙi a nan, don silindarta hannun riga ce da ake zarewa a sa sabuwa.

Akwai masu zuba asid ɗin batir don su ci tsatsa da gaggawa. Wannan ganganci ne, don ba tsatsar kaɗai yake ci ba, har da lafiyayyen ƙarfen, ga haɗari ga ido da hannun yaron gareji. Asid ɗin fosforik, wanda ke cikin yawancin magungunan tsatsa na gwangwani, ya fi dacewa da bayan bulo, saboda yana mayar da tsatsa wani baƙin ɓawo da fenti ke kamawa. Soda mai ƙuna kuma tana narkar da maiƙo, amma tana cinye alminiyam, don haka kada ta kusanci kan silinda. Bayan bulo a yi masa fenti. Fuskar da gaskit zai zauna a bar ta.

Hanya ta biyu ita ta fi damuna, kuma a nan ne aikina na nazarin harshe ya sa na tsoma baki a sana'ar da ba tawa ba. Mun ari kalmar lagireto daga Turanci, muka gyara ta ta zauna daidai a bakinmu, amma abin da ake zubawa a ciki ba mu ba shi suna ba, sai muka ce ruwa. Da an ce ruwa kuwa, kowa ya san inda zai samu: rijiya, famfo, burtsatse, ko leda biyu ta fiya wata a bakin hanyar Kaduna. Shi kuma ruwan gwangwanin da masu ƙera mota suka tanada, sunansa na Turanci da ya fi yaɗuwa ma'anarsa maganin daskarewa. Na sha jin mutane masu digiri suna cewa wannan na Turawa ne, mu da ƙanƙara ba ta sauka a ƙasarmu me za mu yi da shi? Sunan ya faɗi aiki ɗaya ya ɓoye biyu.

Gaskiya ne sinadarin etilin gilaikol, in an haɗa shi rabi da rabi da ruwa, ba ya daskarewa sai sanyi ya kai kusan digiri 37 ƙasa da sifiri, kuma wannan bai shafe mu ba. Amma haɗin nan yana ɗaga ma'aunin tafasa zuwa wajen digiri 107, maimakon 100 na ruwa zalla, kuma murfin lagireto mai kyau yana ƙara ɗaga shi sama da haka. Abu mafi muhimmanci, a cikinsa akwai sinadaran hana tsatsa. Kan silinda na alminiyam ne, bulo na ƙarfe, ga ruwa mai gishiri-gishiri yana kewayawa tsakaninsu da zafi. Wannan tamkar ƙaramin batir ne, kuma alminiyam ɗin ne ke zagwanyewa. Tsatsar ƙarfen kuma tana ɓarewa ta toshe siraran bututun lagireto, tana cin fuka-fukin famfon ruwa, tana huda ƙananan marafan nan masu kama da kwabo da ke gefen bulo. Ruwan rijiya mai ma'adinai yana ƙara barin farin ɓawo kamar na gindin buta, wanda ke hana zafi fita daga ƙarfe zuwa ruwa.

Da mota ta fara zafi, maganin da aka saba yi mata shi ne a cire tamostat a jefar, wai shi ma na ƙasashen sanyi ne. Sai injin ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan fetur a zamanin da lita ta zama abin lissafi, ita kuwa tsatsar tana nan inda take.

Sabon gyara kan tsohuwar tsatsa asarar kuɗi ce. Hanyoyin ruwan da ke cikin bulo ba a ganinsu, shi ya sa ake tsallake su. Lokacin da injin yake ƙasa shi ne kaɗai damar cire waɗannan marafan, a tsokale ciki da waya, a wanke har ruwa ya fito fari, a buga sabbin marafa. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da sake sauke inji saboda ɗaya ya huje a bayan bulo, inda hannu ba ya kaiwa. Mai mota yana da haƙƙin ya je gareji ya ce, “Malam, kafin ka ɗaura ina son in ga cikin hanyar ruwan nan.” Bakaniken kirki ba zai ji haushi ba. Haka nan a wanke lagireton kafin a haɗa shi da injin, in ba haka ba tsohon datti zai koma gidan jiya.

Zariya ba ta rasa masana ba. Ga sashen injiniyan kanikanci na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli. Takarda guda da Hausa, da boko da ajami, wadda za a liƙa a gareji da shagunan kayan mota, ba za ta gagare su ba. In sun nemi shawarata kan suna, zan ce a kira shi ruwan hana tsatsa, domin aikin da yake yi mana ke nan. A rubuta a kanta cewa wanda ya zo a haɗe ba a ƙara masa ruwa, mai kauri kuma da tataccen ruwa ake tsarma shi, irin wanda ake ƙara wa batir, ba asid ɗin ba. A rubuta cewa kore na gargajiya ana canza shi kamar bayan shekara biyu, kuma kalar ruwa ba ita ce shaidar inganci ba, don ana iya rina ruwan famfo a ɗura a jarka. A kuma rubuta da manyan baƙi cewa guba ne mai zaƙi: kada a juye shi a robar lemo, kada a zubar da tsohonsa a ƙasa inda yara ke wasa ko awaki ke kiwo.