Bayan tiyatar zuciya: ko ɗigon jini zai iya faɗin halin da ƙwaƙwalwar jariri ke ciki?

Idan likita ya fito daga ɗakin tiyata ya ce an yi nasara, iyaye sukan yi hamdala, hankali ya kwanta. Amma shi likitan akwai tambayar da ta rage masa: zuciya ta gyaru, to ƙwaƙwalwa fa? Jaririn yana kwance cikin maganin barci, na'ura ce ke taya shi numfashi, ba ya kuka balle a gane inda ke masa ciwo.

Kusan jariri 1 cikin 100 ake haifa da matsalar zuciya. Tun 1953, lokacin da likitan Amurka John Gibbon ya yi nasarar amfani da na'urar da ke riƙe aikin zuciya da huhu yayin tiyata, yaran da a da ba su da rabon girma suka fara rayuwa. Sai dai a sa'o'in aikin, jinin da ke isa ƙwaƙwalwa yakan ragu, wani lokaci ma a sanyaya jikin jariri a tsayar da zagayawar jinin na ɗan lokaci.

Wani sanannen bincike a birnin Boston ya bi diddigin jarirai 171 da aka yi wa aiki tsakanin 1988 da 1992 har suka kai shekara 16. Galibinsu sun girma suna harkokinsu, amma da yawa sun sha fama da karatu da tattara hankali, har suka buƙaci ƙarin taimako a makaranta.

Hoton MRI ne ke nuna raunin ƙwaƙwalwa sosai, amma ɗaukar jaririn da ke maƙale da bututu da wayoyi zuwa ɗakin hoto kasada ce. Shi ya sa masu bincike suka koma ga jini. Idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suka ji rauni, wasu sinadaransu kan tsiyayo cikin jini, kamar yadda ɗigon mai a ƙarƙashin mota ke nuna inji ya samu matsala.

An daɗe ana gwada sinadarai biyu, S100B da NSE, kuma kowanne da cikas ɗinsa. Kitsen jiki da wurin da aka yanka su ma suna fitar da S100B. Shi kuwa NSE yana cikin jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda na'urar tiyata kan farfasa, don haka adadinsa na iya hawa alhali ƙwaƙwalwa lafiya lau take. Yanzu hankali ya fi karkata ga GFAP, wanda ke fitowa daga ƙwayoyin da ke tallafa wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa, da NfL, wanda ke fita idan zaren jijiya ya lalace.

A 2018 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da gwajin jini mai auna GFAP da wani sinadari, UCH-L1, amma don manya da suka bugu a ka. Jariri daban ne: ƙwaƙwalwarsa tana kan ginuwa, adadin sinadaran yana sauyawa da kwanakinsa, kuma hotuna sun nuna wasu jariran suna da raunin tun kafin a shiga tiyata. Saboda haka har yau gwajin yana matakin bincike, bai zama abin da likita zai yanke hukunci da shi kaɗai ba. A ɗakin jinya ana dogaro ne da na'urar auna iskar oksijin a goshi, da mai gano farfaɗiyar da ba ta bayyana a jiki.

Batun ya shafe mu. Yara daga Afirka ta Yamma kan samu wannan aiki a Faransa ta hannun ƙungiyoyi irin su Mécénat Chirurgie Cardiaque, wadda likita Francine Leca ta kafa a 1996, ko a cibiyoyin zuciya na Dakar da Bamako. Yaro ya dawo gida da tabo a ƙirji, a yi barka, shi ke nan a rufe maganar.

Tun 2012 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ba da shawarar a ci gaba da duba ci gaban irin waɗannan yara har shekarun makaranta. Wannan kuwa ba ya buƙatar na'ura mai tsada. A karɓo cikakken rahoton tiyata a adana shi. A lura: yaro ya zauna da kansa a wata 9? Ya taka a wata 18? Yana jin kira, yana fara kalmomi? Idan an ga jinkiri, a kai shi wurin likitan yara da wuri, domin motsa jiki da koyar da magana sun fi amfani tun ƙwaƙwalwa tana ɗanya. Idan kuma ya shiga makaranta yana jan ƙafa, a sanar da malami tarihinsa kafin a kira shi daƙiƙi.