Ɗalibin Saliyo Da Ya Gyara Ƙoƙon Ƙafar Roba

Yaƙin basasar da aka yi a ƙasar Saliyo daga 1991 zuwa 2002 ya bar dubban mutane da dungun hannu ko na ƙafa, don kuwa 'yan tawaye sun mai da sare gaɓɓan bayin Allah tamkar makami. Da ƙura ta lafa, ƙungiyoyin agaji suka yi ta raba ƙafafun roba kyauta. Amma da yawa daga waɗanda aka bai wa sai suka jingine su, ba su sawa.

Wani yaro mai suna David Sengeh, wanda ya tashi a garin Bo, ya lura da haka, daga baya kuma ya gane dalili. Ashe laifin na ƙoƙon ne, watau wurin da ake zura dungun a ciki. In ƙoƙon bai zauna daidai ba, sai ya goge fata, ya jawo bororo da gyambo. Duk wanda ya taɓa yini a kasuwa da takalmi mai matsi ya san kaɗan daga wannan azaba, balle a ce nauyin mutum duka a kan dungu yake.

Bayan Sengeh ya gama jami'ar Harvard ta Amurka a 2010, sai ya shiga jami'ar fasaha ta MIT, ya zauna a hannun Farfesa Hugh Herr. Malamin nan kuwa ba a littafi ya karanta matsalar ba. A 1982, yana ɗan shekara 17, tsananin sanyi ya ritsa da shi wajen hawan dutse, aka yanke masa ƙafafu biyu daga ƙasan gwiwa. Da ƙafafun roba yake shiga aji.

Bisa al'ada da filasta ake ɗaukar siffar dungu, a yi ƙoƙo da hannu, a gwada, a kankare, a sake gwadawa, wani lokaci har watanni. Sengeh sai ya ɗauki hoton cikin dungun da na'urar MRI, ya ga inda ƙashi yake da inda tsoka take, ya auna taurin kowane wuri. Daga nan kwamfuta ta zana ƙoƙon, wani inji kuma ya gina shi hawa-hawa. Dabarar ita ce wurin da ƙashi ya taso a yi shi da laushi, wurin tsoka kuwa a taurara shi ya ɗauki nauyi.

Aikin ya samo masa kyautar ɗalibai ta Lemelson-MIT a 2014, ya kuma kammala digirin dakta a 2016. A 2018 ya koma gida ya kama aikin gwamnati, ya zama ministan ilmi a 2019, sa'an nan a 2023 aka naɗa shi Babban Ministan Saliyo.