Darasin Nickel Mines: Mutanen Da Suka Je Jana'izar Wanda Ya Kashe 'Ya'yansu

A duk lokacin da muka zauna sasanta rikici tsakanin matasa a zangonmu, akwai maganar da ba ta ɓacewa daga bakin wanda aka ɓata wa rai, wato sai dai wancan ya fara zuwa ya ba shi haƙuri. To mai karatu, a wannan mako mun kawo labarin wasu mutane ne da ba su jira an zo an ba su haƙuri ba, alhali abin da aka yi musu ya wuce zagi ko cin bashi nesa ba kusa ba. Mutanen nan Kiristoci ne da ake kira Amish, mazauna jihar Fensilbaniya ta ƙasar Amurka.

Su ma baƙi ne da suka zama 'yan gari, kamar yadda kakanninmu suka zo fataucin goro suka zauna. Asalinsu ƙasar Siwizalan ce da maƙwabtanta, inda suka zama ƙungiya mai zaman kanta a shekarar 1693 a ƙarƙashin wani malaminsu mai suna Jakob Ammann. Tsangwamar da ake yi musu saboda aƙidarsu ta sa suka haye teku zuwa Amurka a ƙarni na 18. Har yanzu suna magana da wani karin harshen Jamusanci a gidajensu, suna tafiya a keken doki, ba sa jawo wutar lantarki cikin gida, kuma 'ya'yansu kan yi karatu ne zuwa aji takwas a 'yan ƙananan makarantu masu ɗaki ɗaya.

A irin wannan makaranta ce, a ƙauyen Nickel Mines da ke gundumar Lankasta, abin ya faru ran Litinin 2 ga watan Oktoba na 2006. Wani direban motar madara mai suna Charles Roberts, ɗan shekara 32, ya shiga ajin da bindigogi. Shi ba ɗan Amish ba ne, amma sun san shi, domin yakan bi gonakinsu yana ɗaukar madara. Ya sallami yara maza da manyan mata, ya tsare 'yan mata goma masu shekara 6 zuwa 13, ya ɗaure su, ya harbe su, sa'an nan ya kashe kansa. Biyar daga cikin yaran suka rasu. A wasiƙar da ya bari, ya ambaci fushin da yake yi da Allah tun rasuwar jaririyarsa a 1997.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa 'yan jaridar duniya suka riƙe baki. Tun kafin a binne yaran, wasu daga cikin mutanen Amish suka je wurin matar Roberts da iyayensa, suka yi musu ta'aziyya, suka shaida musu cewa ba su riƙe su da komai ba. Ranar da aka yi jana'izarsa, kusan rabin waɗanda suka halarta 'yan Amish ne. Da gudummawa ta riƙa shigowa daga ko'ina har ta haura dala miliyan 4, kwamitin da ke kula da kuɗin ya ware wani kaso ya ba matarsa, saboda ita ma an bar ta da marayu uku.

Mai karatu zai tambaya, ina suka samo wannan zuciya? A koyarwar Kirista, ƙauna marar sharaɗi ita ce ginshiƙi, wato mutum ya nemi alherin wani ba don ya cancanta ba, ba kuma don yana sa ran za a rama masa ba. Hujjarsu ita ce, sun gaskata Allah ya ƙaunace su tun suna masu laifi, saboda haka ba su da ikon gindaya wa wani sharaɗin da ba a gindaya musu ba. A Linjilar Matiyu sura 5, Yesu Almasihu ya umurci mabiyansa su ƙaunaci maƙiyansu. A sura 6 ya koya musu addu'ar da ake kira Addu'ar Ubangiji, wadda ta ɗaure gafarar da mutum yake nema a wurin Allah da gafarar da shi yake yi wa mutane. A sura 18 kuma akwai misalin bawan da sarki ya yafe masa bashi mai yawan gaske, shi kuwa ya fita ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa a kan 'yan kuɗi kaɗan.

Sai dai waɗannan surori suna cikin Littafi Mai Tsarki na kowane Kirista, kuma ba kowa ke iya abin da mutanen Nickel Mines suka yi ba. Wasu malaman jami'a uku, Donald Kraybill da Steven Nolt da David Weaver-Zercher, sun bi diddigin lamarin a littafinsu mai suna Amish Grace na shekarar 2007, kuma abin da suka nuna shi ne, yafiya a wurin Amish sabo ce ta yau da gobe. Yaro yakan haddace Addu'ar Ubangiji tun yana ƙarami, ana yin ta a gida, ana yin ta a makaranta. Sau biyu a shekara suke cin Jibin Ubangiji, kuma kafin ranar sai an yi zama na musamman an tabbatar babu mai riƙe da ɗan'uwansa a zuci. In aka tarar da saɓanin da ba a warware ba, ana iya ɗage jibin har sai an shirya. A ranar kuma sukan durƙusa su wanke wa juna ƙafa.

Haka abin yake a harkar duniya. In gobara ta cinye rumbun wani, maza kan yi gayya su tayar masa da sabo cikin 'yan kwanaki, mata na dafa abinci. Galibinsu ba sa shiga inshorar kamfani, in wani ya kwanta asibiti jama'a ke haɗa kuɗin. Akwai kuma labarin da kowane yaronsu ya sani, na wani mai suna Dirk Willems a ƙasar Holan, wanda aka ɗaure saboda aƙidarsa a 1569. Ya tsere daga kurkuku ya bi ta kan tafkin da ya daskare, mai bin sa ya rufta cikin ruwan ƙanƙara, sai ya juyo ya ciro shi. A nan aka sake kama shi, aka ƙone shi da rai. Yaron da ya tashi da irin wannan labari, ya ga ubansa na gina rumbun maƙwabcin da suka taɓa saɓawa, ba sai an yi masa dogon wa'azi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada mu ɗauka ba a yi suka ba. Wasu marubuta a Amurka sun ce gaggawar yafiyar tana raina girman laifin, kuma fushi a kan kisan yara wajibi ne. Wasu sun tuna cewa Amish ɗin nan kan ƙaurace wa ɗan cikinsu da ya karya alkawarin da ya ɗauka ranar baftisma. An kuma samu rahotannin cewa a wasu garuruwansu an yi amfani da kiran yafiya an rufe bakin matan da aka ci zarafinsu. Waɗannan maganganu suna da nauyi, kuma ya kamata mu riƙe su. Su kansu mutanen Nickel Mines sun bambanta yafiya da ɗage hukunci. Abin da suka ajiye shi ne ƙiyayya da neman fansa, amma da Roberts ya rayu, shari'a za ta yi aikinta. Iyayen yaran kuma ba su ɓoye cewa baƙin cikin bai gushe ba, sai dai kullum mutum ya sake ɗaura niyya.

A ganinmu, inda labarin ya fi taɓa zuciya shi ne abin da ya faru bayan 'yan jarida sun kwashe kayansu sun tafi. An rushe makarantar kwana goma bayan harin, aka buɗe sabuwa a watan Afrilu na 2007 da sunan New Hope, wato Sabon Fata. Mahaifiyar Roberts kuwa, Terri, da farko ta yi tunanin barin garin don kunya, maƙwabtanta 'yan Amish suka roƙe ta ta zauna. Daga baya ta nemi izinin taimaka wa iyayen yarinyar da ta fi kowa jin rauni cikin waɗanda suka tsira, wadda ba ta iya tafiya ko magana ko cin abinci da kanta. Suka amince. Shekara da shekaru, kowane mako, matar nan takan je ta yi wa yarinyar wanka, ta karanta mata littafi, ta rera mata waƙa. Mu dubi iyayen da suka buɗe wa uwar wanda ya harbi 'yarsu ƙofa, suka miƙa mata yarinyar a hannu. Terri ta rasu a 2017, yarinyar kuma ta rasu a 2024 tana da shekara 23.

Yanzu sai mu dawo gida. Yawancinmu, da ikon Allah, ba za a jarrabe mu da irin wannan masifa ba. Jarrabawarmu ita ce layin famfo, da rabon kuɗin wuta a gidan haya, da abokin da ya ci bashi ya daina ɗaukar waya, da maƙwabcin da muka yi shekara ba ma gaisawa saboda maganar siyasa. Muna zaune da Kiristoci da Musulmi a tsakar gida ɗaya, kowa kuma ya san addininsa bai yarda da gaba ba, amma sau nawa muke cewa sai wancan ya fara? Wanda bai saba yafe sidi goma ba, yaya zai yi ranar da babban abu ya same shi?

Shawararmu ga 'yan'uwa matasa ita ce, kowa ya tuna mutum ɗaya da ya daina gaisarwa, ya je ya gaishe shi a wannan mako, ko an amsa ko ba a amsa ba. In yana da marar lafiya a gida, a duba shi. In hakki ne aka ci, a kai maganar gaban manya ko hukuma a karɓo shi, amma a bar ƙiyayyar a can. Allah ya ba mu zuciyar yin haka, ya zaunar da unguwanninmu lafiya, amin.