Ƙwaron da ke cin fure tun yana toho

Tsawonsa bai wuce milimeta 2 da rabi ba. Baƙi ne mai sheƙi, kuma fukafukansa na sama gajeru ne, ba su rufe ƙarshen cikinsa, sai ka ce wanda aka ɗinka wa riga yadi bai kai ba. Masana suna kiransa Brachypterolus pulicarius, ɗan wani ƙaramin dangi na ƙwarin fure masu gajerun fukafukai. Asalinsa Turai ne, amma a Amurka ya yi suna.

Tun ƙarni na 17 Turawa suka ƙetara teku da wata ciyawa mai furen ruwan ɗorawa, Linaria vulgaris, don ƙawata lambu. Ta ƙetare shinge, ta mamaye makiyaya da gonaki a Amurka da Kanada, ga shi shanu ba su son ta. Ƙwaron kuwa ba wanda ya gayyace shi: ya bi kaya ya shigo, aka fara ganin sa a jihar New York a 1919.

Aikinsa na ɓoye ne. Macen tana saka ƙwai cikin tohon furen kafin ya buɗe. Tsutsar da ta fito sai ta cinye garin furen da mahaifar iri, sannan ta faɗa ƙasa ta yi sanyi a can. Wani gwaji a Kanada ya nuna iri ya ragu da kusan kashi 3 cikin 4. Abin a yaba ne, sai dai ciyawar ba ta dogara ga iri kaɗai ba: saiwarta tana rarrafe ƙarƙashin ƙasa tana fid da sabbin tsiro. Ƙwaron ya rage mata gudu, bai kashe ta ba, kuma makiyayan can har yanzu suna kashe kuɗi kanta.

Manoman gero na Maraɗi da Damagaram suna da irin wannan abokin gaba, ƙuduji, kuma shi ma yana da ƙwaronsa, Smicronyx, mai saka ƙwai cikin furensa. Ƙuduji ta iri kawai yake yaɗuwa, amma tushe ɗaya yana zubar da ƙwayoyi dubbai, waɗanda ke iya yin shekara goma a ƙasa suna jiran a shuka hatsi. Ɗan abin da ya tsere wa ƙwaro ya isa ya cika gona baɗi, shi ya sa malaman gona ke cewa a tumɓuke shi da hannu kafin ya yi fure.